Hancin Jirgin da Baba Ya Ƙera

Yau kwana arba'in da rasuwar Baba, kuma har yanzu akwai tabarmi biyu a ƙofar gidanmu na unguwar Harobanda da Inna ta hana a naɗe. Ranar farko maƙwabtanmu Zabarmawa ne suka fara cika tsakar gida, kowa ya durƙusa gaban Inna ya ce fonda tilas, ta'aziyyarsu ke nan, ita kuwa ta kasa amsawa sai da kai. Dangi daga Maraɗi suka iso washegari a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Maƙeran kasuwar Katako suka rufe rumfunansu rabin yini. Tsofaffin makanikai na filin jirgi suka zo da hannayen nan nasu da sabulu ya gaji da su, suka zauna gefe guda suna gardama a hankali kan wanda ya fi daɗewa tare da Baba. Wani soja mai anini a kafaɗa ya zo ya yi gaisuwa a tsaye, hira ta mutu murus sai da ya tafi.

Abin da ya tsaya wa mutane a rai shi ne maigidana ne ya yi wa Baba wanka, shi ne kuma ya shiga kabari ya karɓe shi, alhali ƙannen Baba biyu suna tsaye. Goggo ta Maraɗi ba ta iya riƙe magana, tun ba a watse ba ta tambayi Inna me ya kai suruki ga gawar surukinsa, ko kunya ta ƙare a Yamai ne. Inna ta ce wasiyyar Baba ce. Ni dai raina ya ɓaci, amma gidan makoki ba wurin mayar da martani ba ne. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba zan kama sunan kowa ba, domin fari ya sake dawowa kamar na shekaru goma da suka wuce, kuma masu kaki ne dai har yanzu a sama.

Baba makanike ne a filin jirgi. Ya shekara talatin yana kwance injinan jirage yana ɗaurawa, amma ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba. Idan an yi masa tayin zagaye ɗaya sai ya ce shi an ɗauke shi gyara ne, ba yawo ba. Kowane tiyo ya zo hannunsa sai ya busa shi da baki kafin ya ɗaura, ko da sabo ne fil. Yakan ce kowa yana tunawa da esansi, wato fetur, don saye ake yi, amma iska da take kyauta ba mai tambayar ta ina take shiga, kuma rabin injinan da suka mutu a gabansa ta hanci cutar ta shige su. Gwajin inji kuma ba ya yin sa sai bayan sallar asuba, wai a lokacin ne kunnensa ya fi ji. Ku riƙe wannan, don shi ne ya kusa kai mu ƙasa.

Ni ce mai sunan mahaifiyarsa, saboda haka Uwata yake kirana, kuma duk gidan ni kaɗai nake ce masa a'a ya yi dariya. Maigidana kuwa ma'aikacin duba yanayi ne a filin, wani Nasara malamin tuƙin ƙananan jirage ya koya masa tashi har ya samu takarda. Kafin aurenmu shi da Baba suna hira kamar kowa. Ranar da aka ɗaura aure bakinsu ya rufe. Idan ya hango Baba sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya bi ta bayan rumfar jirage. Ba sa cin abinci wuri ɗaya, ba sa haɗa ido. Idan akwai maganar aiki, Nasaran ne bakinsu: wannan ya gaya masa, shi ya gaya wa wancan, yana ta mamakin mutum biyu da ke tsaye taku biyar da juna suna aike.

Nasaran yana da wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu da ya haɗa da hannunsa. Injin mota ya sa masa, irin wanda ba shi da fiston, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki. Baba ya ce injin ba shi da nauyi kuma yana da ƙarfi, sai dai shan iska da zafi kamar maƙera. Da soja suka karɓi mulki Nasaran ya haɗa kayansa ya tafi, ya bar jirgin a rumfa. Ya bar shi da ciwo kuma, don bakin shan iskar injin a ƙarƙashin hancin jirgi ya sa shi, kusa da taya, duk tashi sai ya kwashi yashi.

A lokacin mutanen arewa sun cika bayan gari, dabbobinsu sun ƙare, ga ƙyanda tana bin yara a sansanoni. Wani kapiten na soja da aka ɗora wa kula da wani sansani can arewa ya ga jirgin. Manyan jirage hatsi suke ɗauka, allurar ƙyanda kuwa idan ta kwana uku a kamiyo cikin zafin bazara ta lalace. Kapiten ya kira Baba ya ce ya tayar da jirgin, ya kira maigidana ya ce shi zai tuƙa. Bai san akwai surukuta tsakaninsu ba, ko ya sani ma ban ga alamar zai damu ba.

Baba ya wanke injin, sannan ya zauna kan maganar hanci. Ya toshe tsohon bakin, ya ƙera akwatin gwangwani ya ɓoye shi cikin murfin injin, bayan radiyato, inda yashi ba zai kai ba. Don tace iskar ya yanke sabuwar rariyar Inna ya haɗa da ƙyalle mai ɗan mai. Inna ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba, ta ce gwamnati mai jirage ba ta rasa rariya ba sai tata. Shi kuwa ko a jikinsa. Ban taɓa ganin Baba yana alfahari da wani aiki kamar wannan akwatin ba. Asuba uku yana gwada injin, maigidana yana zagaye gari da sanyin safiya, komai lafiya lau.

Rana ta huɗu izinin tashi ya makara, sai dab da azahar maigidana ya tashi. Da ya dawo gidan aurenmu na unguwar Kirkissoye bai taɓa abinci ba. Ya zaunar da ni ya ce in buɗe kunne da kyau.

"Ki hwaɗa ma Baba injin ya ɗauke numhwashi sau biyu bisa kogi, saura kaɗan in sauka cikin ruwa. Akwatin nan iska mai zahi yake sha daga radiyato da tiyon hayaƙi. Da sahe ba a ganewa, da rana ne. Ki hwaɗa kamar yadda na hwaɗa miki."

Na ce me ya hana shi rubutawa a littafin jirgi. Ya ce soja ne ke karanta littafin. A kwanakin nan ana kwasar mutane kan ɓoye hatsi, direba ma idan kamiyonsa ya lalace da kayan agaji sai ya yi bayani a bariki, wani ya dawo wani a daɗe ba a ji labarinsa ba. Idan ya rubuta, ya miƙa surukinsa da hannunsa. Idan kuma ya tsaya gaban Baba ya ce aikinka da gyara, da wane ido zai sake shiga gidan? Ni ce dai Uwar Baba, ni zan iya.

Da la'asar na goya ƴata na tafi Harobanda da maganar a bakina cif. Ina zaune da Inna sai ga Baba ya shigo da kekensa yana ƴar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa ji ba tun da fari ya fara. Ya ciro takardar buhun siminti ya shimfiɗa a gabana, yana nuna mini zanen akwatin da yatsa, yana cewa Nasara ya yi shekara biyu bai gano wannan dabarar ba. Na dubi fuskarsa na kasa. Na bari ya shiga alwala, na ce wa Inna ta gaya masa an ce injin yana tari idan rana ta yi zafi. Kogin na bar shi a cikina, akwatin ma ban ambata ba.

Inna kuma da ma ba a daɗe da shiryawa kan rariya ba, ba ta son sabon tashin hankali. Abin da ya isa kunnen Baba shi ne jirgi ya yi kyau, sai ɗan tari da ba a rasa ba. Ya canza buji, wato fulogi, ya gwada da asuba, ya ji injin yana tafiya sumul, ya aiko cewa an gyara. Na kai wa maigidana. Ya tambaye ni ko Baba ya taɓa akwatin. Na ce shi dai ya ce an gyara. Ya dube ni ya daɗe, ya ce to. Wallahi na san bai yarda ba, kuma na san ni na jawo, amma na tashi na shiga kicin kamar ban gani ba.

Ranar tafiya ta zo. Allurar tana ɗakin sanyi na asibiti, ba a fitar da ita sai an sa hannu a ofis biyu, don haka kowa ya san sai rana ta take za a tashi. Da safe maigidana ya yi aski, ya ɗauki yarinyar ya daɗe yana kallonta. Da ya kai ƙofa ya juyo ya ce in yafe masa duk abin da ya taɓa yi mini. Mutumin da ko zai kwana a wurin aiki ba ya cewa komai sai "sai na dawo". Ya hau keke ya tafi.

Na ruga wajen Inna na ce ta maimaita mini kalma-kalma abin da ta gaya wa Baba. Da ta faɗa sai na ji ita ma ta ƙara rage maganar. Na gaya mata maganar kogi, ta dafe ƙirji ta hau salati. Ban tsaya ba. Na ɗauki kwanon furar Baba don in samu abin nunawa, na tari takisi. A bakin gada soja sun tare hanya suna buɗe kowace mota, ina kallon inuwar motar tana shigewa ƙarƙashinta. Da aka zo kanmu sojan ya sa cokali ya motsa furar sannan ya ce mu wuce. A ƙofar filin jirgi na ce abincin tsohona na kawo, mai gadin ya san ni ya bar ni.

Na tarar ana saka akwatunan allura masu ƙanƙara a kujerar gefe. Kapiten yana tsaye yana duba agogo. Baba yana goge gilashi, maigidana yana can ɗaya gefen jirgin kamar kullum. Na aje kwano a ƙasa na tsaya tsakaninsu, na faɗi maganar gaba ɗaya da ƙarfi: sau biyu, bisa kogi, iska mai zafi, akwati. Na ƙara da cewa kwana uku ke nan aka ba ni saƙon, ni na rage shi.

Baba bai dube ni ba. Ya zagaya jirgin ya tsaya gaban surukinsa, wanda tuni ya durƙusa.

"Tashi tsaye. Dube ni. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

Baba ya hau yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: a wane tsayi, allurar ma'aunin zafi ina ta kai, da ya rage wuta injin ya dawo ko bai dawo ba. Maigidana yana amsawa. Sai Baba ya ce a tayar da injin a nan ƙasa cikin rana. Bayan ɗan lokaci ya sa aka kashe, ya buɗe murfi ya ɗora tafin hannunsa kan akwatin, ya janye da sauri. Na ga fatar ta yi ja. Ya juya ya ce wa kapiten jirgin nan ba zai tashi yau ba.

Ba zan yi wa kapiten ƙarya ba, ba mugu ba ne. Ya je sansanin ya ga ana binne yara a jere, abin yana cinsa. Amma ya ce cikin sanyin murya ko Baba ya san sunan da ake kiran wanda ya tsayar da kayan agaji ana dab da tashi. Sojoji biyu suka matso. Ƴata ta fara kuka a bayana. Baba ya ce:

"Na sani, ranka ya daɗe. Kuskuren nawa ne, ba na kowa ba. In ya tashi yanzu, da allura da mai tuƙi kogi za su. Ka ba ni kwana biyu. In bai tashi ba ka san gidana."

Kapiten ya ce ba sai an je gidansa ba, domin ba inda zai tafi. Aka mayar da allura asibiti, aka sa soja a ƙofar rumfa. Kwana biyu, a na uku ko jirgi ya tafi arewa ko Baba ya tafi bariki.

Ni nake kai musu abinci, don haka na ga aikin da idona. Baba ya aika gida aka kawo masa zaren audugar Inna, ya yanka guntu-guntu ya manna a jikin murfin injin, ya sa aka tayar da farfela yana kallon inda zaren ya kwanta da inda yake rawa. A saman murfin, bayan farfela kaɗan, zaren ya miƙe sak. Ya ce nan ne iska mai sanyi da ƙarfi take wucewa, kuma ya yi nesa da yashin taya. Ya sa aka nemo dogon zunguru, ya ce lanƙwasarsa ita yake so, domin iska ba ta son kwana mai kaifi. Wani amininsa maƙeri daga Katako ya zo da guduma ya buga gwangwanin alminiyo ya fitar da siffar zungurun. A gindin lanƙwasar Baba ya bar ɗan aljihu mai ƙaramar huda, yashin da ya shigo ya faɗa can ya fita, iska ta wuce ta rariya zuwa karbirato. Tsakanin wannan tiyo da na hayaƙi ya sa faranti biyu da tazara.

Rana ta farko da na aje kwanoni biyu nesa da juna kamar yadda aka saba, Baba ya juye su cikin ɗaya. Ya ce wa surukinsa ya matso su ci, yana da tambayoyi kuma ba shi da lokacin aike. Maigidana ya zauna yana tsakurar tuwo kamar amarya, gumi na zuba, har maƙerin ya ce a taimaka a ba shi mayafi. Baba bai yi dariya ba. Shi ma lomarsa ba ta wuce uku ba. Ya ce kwana biyun nan da ya roƙa, akwai uwaye a arewa da za su gane tsawonsu fiye da shi.

A rana ta uku ya ƙi gwaji da asuba. Ya zauna a inuwar fiffike har aka kira azahar, suka yi salla, ƙasa tana ƙuna ta cikin takalmi. Kapiten ya ce a sa buhun yashi a kujerar gefe a madadin allura a yi zagayen gwaji. Baba ya ce ba sai an wahalar da kowa ba, nauyinsa ya kai na akwatunan. Kafin wani ya yi magana ya tuɓe hularsa ya miƙo mini, ya taka fiffike ya shiga ya zauna kafaɗa da kafaɗa da surukinsa. Ya ce a bi ta kan kogi, daidai wurin nan, kuma a yi sau biyu.

Na tsaya da hula a hannu, mahaifina da mijina suna cikin gwangwani ɗaya. Jirgin ya gudu ya tashi, ya yi ƙanƙani, ya karkata wajen kogi. Ban iya kallo ba, na sunkuyar da kai ina bin ƙarar da kunne. Ina jira ta yanke. Ta yi nisa har na daina jinta, sojan da ke kusa da ni ya daina taunar goro. Can sai ta dawo, ba ta karye ba, ta sake yin nisa, ta sake dawowa. Da tayoyi suka taɓa ƙasa ne na ga na murɗe hular Baba har ta fita kamanninta.

Baba ya kasa fitowa, ƙafafunsa sun ƙi. Maigidana ya zagayo ya rungumo shi ya sauke shi a gaban soja da kowa. Baba ya sa hannu ya taɓa sabon tiyon, ya ce wa kapiten a kawo allura. Kafin la'asar jirgin ya nufi arewa, kuma ya yi ta zuwa yana dawowa har damina ta sauka.

Da kowa ya watse na sami Baba a bayan rumfa zaune a ƙasa, ya yi amai, hannunsa mai ƙuna yana kan gwiwa. Na durƙusa na fara neman gafara, kuka ya hana ni ƙarasawa. Na ɗauka zai yi faɗa, kuma da ya yi da na ji sauƙi.

"Uwata, bar kuka. Ke kin rage, uwarki ta rage, ni kuma na ji abin da nike son ji. An ce mini inji na tari, mai tuƙin yana taku biyar da ni, ban tashi na tambaye shi ba. Da ya hwaɗa kogi, ni na kashe miki miji."

Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, ni ma ban sake gaya wa kowa ba sai yau. Yaran da kwana biyun nan suka ci a arewa ban san adadinsu ba, ban san sunan ko ɗaya ba, amma tun daga ranar Baba bai ƙara yin salla ba tare da ya sa su a addu'a ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya haɗa shi da su a inda ba zafi. Addu'ar tasu kuma yanzu ta dawo wuyana.